Yadda ake feɗe babbar lamba har wutsiya: jagora da misalin 3,188,196

Idan aka ajiye maka lamba mai alƙaluma bakwai aka ce ka faɗi abin da ka sani a kanta, tsawonta za ka fara gani, sai alƙalamin ƙarshe. Yawancin mutane nan suke tsayawa. Masu lissafi kuwa suna da tambayoyi da dama da suke yi wa kowace cikakkiyar lamba: lambobi nawa ne suke raba ta ba saura, nawa ne jimillarsu, murabba'i ce (wato sakamakon ninka wata lamba da kanta), tana rubutuwa a matsayin haɗin murabba'ai biyu, a wane rukuni take. Ga wanda bai saba ba, kowace tambaya aiki ce mai zaman kanta. A zahiri kusan duk amsoshin daga wuri ɗaya suke fitowa, wato jerin lambobin firam da aka ninka suka haifar da lambar. Lambar firam ita ce wadda ta wuce 1 kuma ba abin da yake raba ta sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 11, 13. Wadda ta wuce 1 amma ba firam ba ana ce mata haɗaɗɗiya. Kowace lamba da ta wuce 1 hanya ɗaya tak take da ita ta warwarewa zuwa lambobin firam, shi ya sa in ka samo wannan jerin ka riga ka ci rabin aikin, har da ƙari.

Za mu yi aiki da 3,188,196 daga farko har ƙarshe. Takarda da biro sun isa, kalkuleta kuma za ta rage wahala.

Mataki na farko: auna girmanta

Abin da ake nema a nan shi ne tushen murabba'inta, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da tamu ko kusa da ita. Gwada 1,800: sau kanta 3,240,000, ta yi yawa. Sauko 1,780: 3,168,400, ta yi kaɗan. Matsa kaɗan-kaɗan za ka tarar 1,785 × 1,785 = 3,186,225, sannan 1,786 × 1,786 = 3,189,796. Tamu tana tsakaninsu, saboda haka ba murabba'i ba ce. Tambaya ɗaya ta fita ke nan tun ba a je ko'ina ba.

Babban amfanin wannan matakin shi ne sanin inda za ka tsaya. Masu raba lamba biyu-biyu suke zuwa: in 4 ta raba ta, to amsar da aka samu ita ma tana raba ta. A kowane irin wannan biyun, ɗaya ba ta wuce tushen murabba'i. Ke nan in ka gwada duk lambobin firam har 1,785 ba wadda ta shiga, ba sauran abin nema, lambar firam ce. Lambobin firam da ke ƙasa da 1,785 ba su kai 300 ba. Daga miliyan uku aiki ya dawo ƙasa da rabawa 300, kuma yanzu za mu ƙara rage shi.

Mataki na biyu: gwaje-gwajen da ba sa bukatar rabawa

Fara da wutsiyar lambar. Ta ƙare da 6, don haka cika ce, 2 tana raba ta. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, 5 ta fita. Don gwada 4, dubi alƙaluma biyu na ƙarshe kawai: 96 tana rabuwa da 4, to duk lambar tana rabuwa. Don gwada 8, dubi uku na ƙarshe: 196 in aka raba da 8 ana samun 24 da saura 4, ba ta shiga ba. Dalili shi ne 100 tana rabuwa da 4, 1,000 kuma tana rabuwa da 8, saboda haka duk abin da ke gaban waɗannan alƙaluman ba ya canza komai. Mun san ke nan 2 ta shiga sau biyu cif, ba ta kai sau uku ba.

Sai 3 da 9. Tara alƙaluman: 3 + 1 + 8 + 8 + 1 + 9 + 6 = 36. Tunda 36 tana rabuwa da 9, lambar ma haka. Wannan yana aiki ne domin 10, 100, 1,000 da sauransu duk suna barin saura 1 in an raba su da 9, sai kowane alƙalami ya zama darajar kansa kawai yake kawowa. A kula, dabarar a 9 ta tsaya. Ba ta faɗa maka komai game da 27, sai ka raba ka sake dubawa.

Wadda mutane suka fi mantawa da ita, kuma a ganina ta fi duk sauran daɗi, ita ce dabarar 1,001. Lambar 1,001 ita ce 7 × 11 × 13, kuma 1,000 ta gaza ta da 1 kacal. Don haka in ka yanka lambarka uku-uku daga dama, kana cirewa kana tarawa bi da bi, abin da ya rage zai ba da amsa kan 7 da 11 da 13 a lokaci guda. Tamu ta yanku zuwa 3, 188, 196. Lissafa 196 − 188 + 3 = 11. To 11 tana rabuwa da 11, ba ta rabuwa da 7 ko 13. Da layi ɗaya an gama da lambobin firam uku: 11 ta shiga, sauran biyun sun fita. In amsar ta fito ƙasa da sifiri, ka yi watsi da alamar cirewar, ba ta hana komai. In ta fito 0, duka ukun sun shiga.

Mataki na uku: zare abin da ka samu

Raba da 4: 797,049. Raba da 9: 88,561. Tara alƙaluman wannan, 28, ba ta rabuwa da 3, ke nan 3 ta ƙare a sau biyu. Raba da 11: 8,051. Sake gwada 11 a kan ragowar: 51 − 8 = 43, ba ta shiga. Kullum ka sake gwada firam ɗin da ka zare, domin tana iya kasancewa a ciki fiye da sau ɗaya.

Yanzu muna da 2 × 2 × 3 × 3 × 11 × 8,051, kuma iyakar bincike ta sauko. Tushen murabba'in 8,051 bai kai 90 ba.

Mataki na huɗu: ragowar da ta yi taurin kai

Nan ne ainihin aikin yake. Hanyar da kowa zai fara tunani ita ce bin lambobin firam ɗaya bayan ɗaya: 17, 19, 23, 29, 31, haka har 89. Hanya ce mai kyau, ba ta taɓa kuskure, amma a wannan lambar sai ka yi rabawa 16 ba ka sami komai ba kafin ta 17 ta shiga.

Akwai gajeriyar hanya da Pierre de Fermat, lauyan nan na Faransa da ya rayu a ƙarni na 17, ya yi amfani da ita. Tushenta shi ne in lamba ta zama bambancin murabba'ai biyu, to ta warware da kanta, domin a² − b² daidai yake da (a − b) × (a + b). Ga yadda ake yi. Ɗauki lamba ta farko da murabba'inta ya wuce taka. A nan 90 ce, murabba'inta 8,100. Cire taka: 8,100 − 8,051 = 49. Ita 49 murabba'in 7 ce. Shi ke nan, 8,051 = (90 − 7) × (90 + 7) = 83 × 97. Da ba a sami murabba'i ba, sai a koma 91, a cire, a duba, sannan 92, haka dai.

Kafin ka yi murna, tabbatar 83 da 97 firam ne. Duk lambar da ba ta kai 121 ba, gwada 2, 3, 5 da 7 ya wadatar, kuma babu wadda ta raba ko ɗayansu. Cikakken jerin ya zama:

3,188,196 = 2² × 3² × 11 × 83 × 97

Dabarar Fermat tana da inda take ƙarfi da inda take rauni. Tana saurin kama masu rabawa biyu da suke kusa da juna, kamar 83 da 97. In sun yi nisa, misali ƙaramar firam da wata ƙatuwa, za ka yi ta hawa ba ka ga komai ba, alhali gwajin ɗaya bayan ɗaya zai kama ƙaramar nan take. Shi ya sa ake haɗa su: a share ƙananan da rabawa, a gwada Fermat 'yan matakai, in ba ta ba da komai ba a koma rabawa. Wannan raunin da ƙarfin ne ya sa masu ƙera makullan sirri na RSA, waɗanda tsaronsu ya dogara da wahalar warware lamba, suke kaffa-kaffa kada firam biyun da suka zaɓa su kusanci juna.

Abin sha'awa, dabarar tana aiki a kan babbar lambar ma kai tsaye. Ka tuna 1,786 × 1,786 = 3,189,796. Cire tamu, saura 1,600, murabba'in 40. Ke nan 3,188,196 = 1,746 × 1,826, kuma waɗannan su ne masu raba ta biyu da suka fi kusa da juna. Lambar cika tana karɓar wannan dabarar ne in 4 tana raba ta. Wadda 2 ta raba sau ɗaya kawai ba ta taɓa zama bambancin murabba'ai biyu.

Idan ragowar ta ƙi fashewa

Wani lokaci ragowar tana da girma, ba ka sani ba ko firam ce ko haɗaɗɗiya ce da ta ɓoye. Kafin ka ɓata lokaci kana neman masu raba ta, tambayi ko akwai su ma. Ƙaramar ƙa'idar Fermat ta ce in p firam ce mara, to 2 da aka ninka da kanta sau p − 1 za ta bar saura 1 in aka raba da p. In ka gwada haka sauran ya fito ba 1 ba, lambar haɗaɗɗiya ce, babu ja. Da mun yi wa 8,051 wannan gwajin da ta faɗi, sai dai gwajin ba zai ambaci 83 ko 97 ba. Sanin cewa lamba tana warwarewa daban, warware ta daban. Édouard Lucas ya nuna a 1876 cewa 2⁶⁷ − 1 ba firam ba ce, amma sai a 1903 Frank Nelson Cole ya fito da masu raba ta, 193,707,721 da 761,838,257,287.

Matsalar gwajin ita ce cin sa ba hujja ba ne. Lambar 341 ita ce 11 × 31, amma tana cin gwajin da 2, domin 2 da aka ninka da kanta sau goma ita ce 1,024, wato 341 sau uku da saura 1. Akwai ma waɗanda suka fi ta wayo, lambobin Carmichael, ƙaramarsu 561 = 3 × 11 × 17, waɗanda suke cin gwajin ko da an sa a madadin 2 kowace lambar da ba ta haɗa firam da su ba. Saboda haka abin da ake amfani da shi a aikace shi ne gwajin Miller–Rabin, wanda ya toshe wannan ƙofar. Ga lamba ƙasa da 25,326,001, yin gwajin Miller–Rabin da 2, 3 da 5 ya isa hujja. Ƙasa da 3,215,031,751 sai a ƙara 7. Wannan aikin kwamfuta ne, ba na biro ba.

In kana son sanin ko ya dace ka sa rai da firam, akwai ma'auni. Ƙa'idar da Hadamard da de la Vallée Poussin suka tabbatar a 1896 ta nuna cewa a kusa da miliyan uku, kimanin lamba ɗaya cikin 15 ce firam. In ka riga ka kawar da 2, 3, 5, 7, 11 da 13, damar ta ƙaru sosai.

Mataki na biyar: girbi daga jerin firam

Kira yawan shigar kowace firam maimaicinta. A tamu maimaicin su ne 2, 2, 1, 1, 1.

Yawan masu raba ta: ƙara 1 a kan kowane maimaici ka ninka. 3 × 3 × 2 × 2 × 2 = 72. Hikimar ita ce duk mai raba lambar zaɓi ne: ka ɗauki 2 sau sifiri, sau ɗaya ko sau biyu, zaɓi uku ke nan, haka 3, ita kuwa 11 ko ka ɗauka ko ka bari. Lissafin ya haɗa da 1 da ita lambar kanta. Daga nan ma za ka ga abin da ya sa murabba'ai kaɗai ne yawan masu raba su yake zama mara: sai duk maimaicin sun zama cika sannan kowane ƙari da ɗaya zai zama mara.

Jimillar masu raba ta: kowace firam ka tara ta daga 1 har iyakar maimaicinta, sannan ka ninka sakamakon. Ta 2 ita ce 1 + 2 + 4 = 7. Ta 3 ita ce 1 + 3 + 9 = 13. Sauran su ne 12, 84 da 98. Ninka a hankali: 7 × 13 = 91, sau 12 ya ba da 1,092, sau 84 ya ba da 91,728, sau 98 ya ba da 8,989,344. Ka tara lambobi 72 ba tare da ka rubuta ko ɗayansu ba.

Sai adadin Euler, wato lambobi nawa ne daga 1 zuwa tamu da ba su haɗa wata firam da ita ba. Kowace firam mai maimaici ɗaya, cire mata 1: 10, 82, 96. Ga 4 amsar 2 ce (1 da 3), ga 9 amsar 6 ce (1, 2, 4, 5, 7, 8). Ninka duka: 2 × 6 × 10 × 82 × 96 = 944,640. Kusan kashi 30 cikin ɗari ke nan. Ƙananan firam ne suke cinye yawancin: 2 kaɗai ta kwashe rabi, 3 ta kwashe sulusin abin da ya rage, 83 da 97 kuwa da ƙyar aka ji su.

Sauran ƙananan bayanai a fili suke. Firam daban-daban biyar ne, in an ƙirga da maimaici bakwai. Tana ɗauke da murabba'i a cikinta tunda 4 da 9 suna raba ta. In kana son mayar da ita murabba'i, ƙaramar lambar da za ka ninka ta da ita ita ce 11 × 83 × 97 = 88,561, sakamakon kuma murabba'in 531,366 ne.

Mataki na shida: mai yalwa, mai giɓi ko kammalalliya

Wannan rabe-raben tsoho ne, Nikomakus na Jarash ya rubuta shi wajen shekara ta 100 miladiyya. Cire lambar daga jimillar masu raba ta, ka kwatanta abin da ya rage da ita. In sun yi daidai, kammalalliya ce, kamar 6 = 1 + 2 + 3. In ya gaza, mai giɓi ce, kuma duk firam nan suke. In ya zarce, mai yalwa ce. Tamu: 8,989,344 − 3,188,196 = 5,801,148. Ya zarce nesa ba kusa ba, mai yalwa ce.

Da ma ana iya sanin haka tun a mataki na biyu. Duk lambar da 6 take rabawa, in ta wuce 6, mai yalwa ce, domin rabinta da sulusinta da sudusinta kaɗai sun cike ta: 1,594,098 + 1,062,732 + 531,366 = 3,188,196. Ƙara 1 a kai an zarce. Wannan lissafin ya sake ba ta wani matsayi, na lambobin da wani ɓangare na masu raba su yake haɗuwa ya ba da su daidai. Yawancin masu yalwa haka suke, amma ba duka ba. Ta farko da ta saɓa ita ce 70: masu raba ta 1, 2, 5, 7, 10, 14, 35 sun tara 74, kuma duk yadda ka zaɓa a cikinsu ba za ka haɗa 70 ba.

Kada ka sa rai da kammalalliya. Bayan 6, 28, 496 da 8,128, ta gaba ita ce 33,550,336, saboda haka babu ko ɗaya mai alƙaluma biyar, shida ko bakwai. Yuklid ya ba da hanyar gina su daga firam masu siffar 2ⁿ − 1, Euler kuma ya tabbatar cewa duk kammalalliya cika ta wannan hanyar take fitowa. Ko akwai kammalalliya mara, har yau ba wanda ya samo, ba kuma wanda ya tabbatar babu. Masu yalwa mara dai akwai su, ta farko 945.

Akwai kuma aminan juna, irin 220 da 284, inda masu raba kowace suke tara ɗayar. Sabit bin Ƙurra ya samar da ƙa'idar gano wasunsu a Bagadaza a ƙarni na 9. Don gwada tamu, abokiyar da za ta iya yi ita ce 5,801,148 kaɗai, kuma sai masu raba wannan sun dawo da mu 3,188,196, wato sai ta zama mai giɓi. To cika ce, alƙalumanta sun tara 27, ke nan 6 tana raba ta, mai yalwa ce. Magana ta ƙare, ba sai an warware ta ba.

Mataki na bakwai: siffofi

Haɗin murabba'ai biyu: nemi firam da suke barin saura 3 in an raba su da 4. A tamu su ne 3, 11 da 83. Sharaɗin shi ne kowace a cikinsu maimaicinta ya zama cika. Ita 3 ta cika sharaɗi, 11 da 83 ba su cika ba. Don haka duk daren daɗewa ba za ka sami murabba'ai biyu da suka haɗa 3,188,196 ba.

Murabba'ai uku fa? Ƙa'idar Legendre ta ce a yi ta raba lambar da 4 har ta ƙi, sannan a raba ragowar da 8. In saura 7 ne, ba ta yiwuwa, in ba haka ba tana yiwuwa. Ragowarmu 797,049 ce, saura 1, tana yiwuwa. Samo su ma ba wuya in ka yi aiki da ƙaramar 88,561, ka ciro murabba'ai mafi kusa kana duba ragowar da sharaɗin da ya gabata. Cire murabba'in 297, saura 352, wato 32 × 11, ba ta yi. Cire na 296, saura 945, 7 ta shiga cikinta sau ɗaya kawai, ba ta yi. Na 295 ya bar 1,536, wato 512 × 3, ita ma haka. Na 294 ya bar 2,125 = 125 × 17, wannan ta yi, 46² + 3² ce. Ninka kowanne da 6 don mayar da 36 da aka cire: 1,764² + 276² + 18² = 3,188,196. Murabba'ai huɗu ba abin tambaya ba ne, Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba tana samu.

Lambar alwatika ita ce jimillar 1 + 2 + 3 har zuwa wani wuri. Ninka da 8 ka ƙara 1, in murabba'i ne to ita ce. Tamu ta ba da 25,505,569, wadda ta faɗa tsakanin murabba'in 5,050 da na 5,051. Ba ita ba ce. Amma tana rubutuwa a matsayin jimillar lambobi masu bin juna da ba daga 1 suka fara ba, kuma yawan hanyoyin shi ne yawan masu raba ta mara, a cire ɗaya. Masu raba ta mara 3 × 2 × 2 × 2 = 24 ne, hanyoyi 23 ke nan, mafi sauƙinsu 1,062,731 + 1,062,732 + 1,062,733. A jerin Fibonacci kuwa, daga 2,178,309 sai 3,524,578, an tsallake ta.

Tunda cika ce, hasashen Goldbach na 1742 ya ce haɗin firam biyu ce. Hasashen ba a tabbatar da shi ga duk lambobi ba, amma kwamfuta ta bincika har 4 × 10¹⁸, tamu kuma tana can ƙasa ƙwarai, don haka a kanta babu shakka.

Mataki na takwas: abin da ya shafi rubutu, ba lambar ba

Akwai laƙabobi da yawa da ake liƙa wa lambobi waɗanda daga alƙalumansu aka ciro su. Ya kamata ka ware su gefe, domin tufafi ne, in an canza tsarin rubutu sai su tuɓe. Misali, D. R. Kaprekar, malamin makaranta ɗan Indiya, ya sa wa lambar da jimillar alƙalumanta take raba ta suna harshad. Tamu jimillarta 36, kuma 36 tana raba ta, ta shiga rukunin. Yanzu rubuta ta a tsarin biyu-biyu da kwamfuta take aiki da shi: 1100001010010111100100. Alƙaluma 22, goma daga ciki 1 ne, kuma 10 ba ta raba ta. A nan ta fita daga rukunin. A tsarin sha shida-sha shida ana rubuta ta 30A5E4, inda A take nufin 10, E kuma 14, jimillar ta sake zama 36, ta koma ciki. Lambar ba ta motsa ba, masu raba ta 72 suna nan. Haka abin yake ga lambobin da ake karantawa gaba da baya iri ɗaya da makamantansu. Ba laifi a ambace su, amma nauyinsu bai kai na sauran ba.

Rubutun biyu-biyu yana da amfani ɗaya a nan: sifiri biyun da ke ƙarshensa su ne maimaicin 2 da muka samu.

Mataki na tara: duba aikinka, sannan ka san iyakar na'ura

Ninka firam ɗin ka ga ko sun dawo da lambar. Ga kowace ninkawa kuma akwai gwajin 9 mai sauri: 83 tana barin saura 2 a kan 9, 97 tana barin 7, ninkinsu 14, saura 5. Alƙaluman 8,051 sun tara 14, saura 5, sun dace. Gwajin ba ya kama musanyar alƙaluma, in ka rubuta 8,015 zai wuce ta. Gwajin 11 ne yake kama musanyar maƙwabta.

Da kwamfuta, a Linux umarnin factor 3188196 zai buga 2 2 3 3 11 83 97 nan take. A Python akwai factorint cikin SymPy, akwai kuma PARI/GP ga mai aiki da manyan lambobi sosai. Don ganin ko lamba ta fito a wani sanannen jeri, ana duba OEIS, taskar da Neil Sloane ya fara tarawa a 1964. Yi hattara da Excel: alƙaluma 15 kaɗai yake riƙewa, na bayansu sai ya mayar da su sifiri ba tare da gargaɗi ba, ka yi ta warware wata lamba daban. JavaScript ma lambobinsa na yau da kullum suna fara ɓata daga 9,007,199,254,740,992. Python ba ta da wannan iyakar.

Lamba mai alƙaluma 20 ko 30 ba ta ɗaukar kwamfuta lokaci. Daga 100 zuwa sama, in firam ɗin cikinta duk manya ne, abin ya zama babban aiki. RSA-250, mai alƙaluma 250, sai a 2020 aka warware ta, bayan lissafin da ya kai kimanin shekara 2,700 na ƙwaƙwalwar kwamfuta guda. Gwajin firam kuwa yana tafiya nesa da haka, musamman ga lambobi masu siffa ta musamman: a Oktoban 2024 shirin GIMPS na neman manyan lambobin firam ya tabbatar da 2¹³⁶²⁷⁹⁸⁴¹ − 1, mai alƙaluma 41,024,320, da gwajin Lucas–Lehmer.

In ka kai inda ragowar ta faɗi gwajin firam amma ta ƙi warwarewa, rubuta abin da ka zare, ka sa wa ragowar alama. Masu teburorin Cunningham, wato jerin manyan lambobin da ake warwarewa, suna rubuta C da yawan alƙaluma ga haɗaɗɗiyar da ba a warware ba, P kuma ga firam, misali C120. A wannan halin kana iya faɗin cika ce ko mara, ko murabba'i ce, ko alwatika, ko haɗin murabba'ai uku, har da yalwa in 6 ko wata mai yalwa ta raba ta. Yawan masu raba ta, jimillarsu da adadin Euler sai ranar da C ɗin ta fashe.